Kun Tambaya, Mun Amsa: Dutsen Adamu da Dazuzzukan Ratnapura

Assalamu alaikum masu karatu. 'Yan layukan da na rubuta a fitowar da ta wuce kan zaman wata huɗu da na taɓa yi a Sri Lanka sun jawo wasiƙu fiye da yadda na zata, kuma kusan dukansu wuri ɗaya suka nufa: gundumar Ratnapura, ƙasar tuddai da dazuzzuka a kudu maso yammacin tsibirin. Daga Kolombo zuwa garin Ratnapura kimanin kilomita 100 ne. Da zarar mota ta bar shimfiɗaɗɗiyar ƙasar bakin teku sai hanya ta fara murɗewa kamar igiya, a wuce gonakin roba, a shiga na shayi, daga nan kuma sai daji. Ruwan saman da garin ke samu a shekara yana haura milimita 3,500, shi ya sa a can ko jikin dutse kore ne. Na zaɓi wasiƙu biyar. Waɗanda ban kawo tasu ba su yi haƙuri, yawancin amsoshinsu suna cikin waɗannan.

Tambaya daga wani malamin Islamiyya: Tun muna yara muke jin cewa Annabi Adamu, alaihis salam, da aka sauko da shi duniya a kan wani dutse ya sauka a Sarandib, kuma sawun ƙafarsa yana nan har yau. Kai da ka je ka gani, gaskiya ne? Kuma akwai lada ga wanda ya kai ziyara?

Amsa: Allah ya gafarta malam, tambayarka biyu ce, bari in ɗauke su ɗaya bayan ɗaya.

Dutsen yana nan. Sarandib tsohon sunan da Larabawa ke kiran Sri Lanka ne, dutsen kuma yana kan iyakar gundumar Ratnapura da ta Nuwara Eliya, tsayinsa mita 2,243. Akwai waɗanda suka fi shi tsayi a ƙasar, amma shi ido ke fara kamawa, don ya tsaya shi kaɗai da tsini kamar jinkar ɗaki. A can ƙololuwarsa akwai wani ƙwarmi a jikin dutse mai siffar tafin ƙafa, tsawonsa kusan mita 1.8. An gina masa ɗan ɗaki, an lulluɓe shi da ƙyalle, mutane suna ajiye furanni a gefe. Ba a ɗaukar hoto, kuma saboda layi da wuya mutum ya samu minti ɗaya a gabansa.

Addinai huɗu ne ke da magana a kan wannan ƙwarmi. Mabiya addinin Buda, waɗanda su ne kusan kashi 70 cikin 100 na mutanen ƙasar, suna kiransa Sri Pada, wato sawu mai tsarki, sun ce na ƙafar hagun Buda ne. 'Yan Hindu sun ce na Shiba ne, ɗaya daga cikin abubuwan bautarsu. Musulmi sun ce na Adamu. Wasu Kiristoci sun bi Musulmi a kan haka, wasu kuma sun ce na Toma ne, almajirin Annabi Isa. Kula da wurin yana hannun mabiya Buda, kuma sarakunansu sun daɗe da hidimarsa: Sarki Vijayabahu na Ɗaya, wanda ya yi mulki daga 1055 zuwa 1110, ya ware ƙauye guda don ciyar da masu hawa.

Labarin da kuka ji kuna yara tsoho ne, ba ƙirƙirar jiya ba. Imamu Ɗabari ya kawo a littafinsa na tarihi ruwayoyin da ke cewa an saukar da Adamu a ƙasar Hindu, a kan wani dutse a Sarandib, Hauwa'u kuma a Jidda. Fataken Larabawa da ke bin teku su ma sun daɗe suna ambaton dutsen. Sai dai Alƙur'ani ya faɗi saukowar bai faɗi wurin ba, kuma babu ingantaccen hadisi da ya nuna wannan dutse ko wannan sawu. Labari ne da magabata suka naƙalto, ana jin sa, ba a gina aƙida a kansa.

Batun lada kuwa, malam, ka fi ni sanin hadisin da ke cikin Buhari da Muslim, cewa ba a ɗaura sirdin tafiya sai zuwa masallatai uku. Dutsen Adamu ba ya cikinsu. Ni da na je, ban je da niyyar ibada ba, ban shafa komai ba, ban ajiye komai ba. Na je da niyyar nan ta yin tafiya a cikin ƙasa a duba ikon Allah, kuma na samu abin da na je nema.

Wanda ya fi burge ni cikin Musulmin da suka hau shi ne Ibnu Baɗuɗa, matafiyin nan na Maroko, shi ɗin dai da daga baya ya zo Takadda a 1353 har ya ambaci Gobir da Barno. Ya hau dutsen a 1344. Ya ce hanyoyi biyu ne, hanyar Baba da hanyar Mama, wato Adamu da Hauwa'u. Ta Mama mai sauƙi ce, wanda ya hau ta nan mutanen lokacin ba sa lissafa shi cikin waɗanda suka kai ziyara. Ta Baba kuwa sai da sarƙoƙin ƙarfe da aka kafa a jikin dutse, guda 10. Ta goman sunanta sarƙar shahada, domin wanda ya kai gare ta ya leƙa ƙasa, tsoro ke sa shi kalmar shahada ba shiri. Ya auna sawun ya ce taƙi 11 ne. A hawana na biyu, ta ɓangaren Ratnapura, na ga ragowar tsofaffin sarƙoƙi sun yi tsatsa suna rataye a gefen matakalar siminti ta yanzu. Na tsaya na leƙa inda suka nufa. Gani ya kori ji, malam. Daga ranar na daina ɗaukar maganar sarƙar shahada a matsayin adon magana.

Tambaya daga wata Hajiya: Ɗana yana aiki a Kolombo, ya matsa in je in ga jikoki, ya ce kuma zai kai ni Dutsen Adamu. Shekaruna 58, gwiwata ta dama takan motsa lokacin sanyi. Zan iya? Kada ka ɓoye mini komai.

Amsa: Hajiya, barka da arziki, Allah ya raya jikoki. Ba zan ɓoye miki ba: hawan yana da wuya, saukowar ta fi shi wuya, kuma gwiwa ce ke biyan kuɗin duka biyun.

Manyan hanyoyi uku ne aka fi bi. Ta Hatton ita ce gajeriya. Ana shiga jirgin ƙasa ko mota zuwa Hatton, daga nan a hau bas zuwa ƙauyen Nallathanniya, wanda wasu ke kira Dalhousie, a nan ƙafa take karɓar aiki. Matakala kusan 5,500 ne, kuma abin da za ki hau a tsaye ya kai mita 1,000. Ta Palabaddala, daga ɓangaren Ratnapura, tana farawa ne daga can ƙasa, hawanta ya ninka wancan. Ta Kuruwita ta fi su duka tsawo. Waɗannan biyun ki cire su daga lissafi. Ni da na bi ta Palabaddala kwana uku na yi ina sauka daga gado da dabara.

Lokacin ziyara yana buɗewa ranar da wata ya cika a Disamba, ya rufe ranar da ya cika a Mayu. A cikin waɗannan watanni ana kunna fitilu tun daga gindin dutsen har samansa, abin da aka fara tun 1950, kuma rumfunan shayi suna kwana a buɗe. Bayan Mayu fitilu a kashe, rumfuna a rufe, ruwa da iska su karɓi dutsen. Janairu da Fabrairu sun fi sararin sama. Ki roƙi ɗanki ya duba kalanda da kyau: ranar cikar wata hutu ce a ƙasar kowane wata, kuma idan ta haɗu da ƙarshen mako layin mutane kan tsaya cik a matakalar ƙarshe na sa'o'i. Talata ko Laraba ta fi.

Bari in gaya miki yadda daren yake, don ki auna da kanki. Mun tashi daga Nallathanniya wajen ƙarfe 2 na dare. Farkon hanyar shimfiɗe take, cikin gonakin shayi, har mutum ya fara cewa ashe abin ba wuya. Ana wuce wata babbar ƙofa ta dutse, a kai ga farar ƙubbar da 'yan Japan suka gina. Daga nan matakala ta miƙe. Akwai rafin da suke kira Seetha Gangula, wato rafi mai sanyi, inda masu ziyara ke wanka su sa fararen kaya kafin su ci gaba. Can gaba akwai inda waɗanda wannan ne hawansu na farko ke soka allura su ja farin zare a gefen hanya, har zaruruwan sun taru sun rufe ciyayi kamar yanar gizo-gizo. Masu saukowa suna gaida masu hawa da kalma ɗaya, "karunawai", addu'ar tausayi ce. Iyalai suna tafe rukuni-rukuni, babba yana ba da baiti, saura suna amsawa.

Abin da ba zan manta ba wata tsohuwa ce, na tabbata ta girme ki da shekara 20, ƙafa ba takalmi, farin zane, jikokinta biyu samari suna riƙe da ita hagu da dama. Matakala goma za ta hau ta tsaya, ta dafa ƙarfe, ta huta, ta sake goma. Mun wuce ta tun ƙasa. A sama akwai ƙararrawa da kowane mai ziyara ke kaɗawa gwargwadon yawan hawan da ya taɓa yi a rayuwarsa. Gari ya waye, muna shirin sauka, sai ga ta ta iso. Na tsaya na ƙirga: sau 17 ta kaɗa. Ni ban taɓa ƙararrawar ba, don tana cikin ibadarsu, amma na ji girman matar nan a zuciyata. Sannu ba ta hana zuwa, Hajiya, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yanki na ƙarshe, wanda suke kira Mahagiridamba, shi ne mai tsanani. Matakalar ta ƙuntata, ta miƙe kamar tsani, sai da riƙe ƙarfe hannu biyu. Zufar da ta jiƙa miki riga a ƙasa ita ce za ta zame miki ƙanƙara a sama, don iskar wurin tana ratsa ƙashi, ga shi dole a cire takalmi a harabar. Ki tafi da rigar sanyi mai kauri, da mayafi na biyu busasshe a cikin jaka, da safa.

Maganar salla, tunda asuba a kan dutsen za ta same ki. Ki yi alwala a ɗaya daga cikin wuraren hutawa na ƙasa-ƙasa, inda akwai ruwa da fili. Kada ki shimfiɗa darduma a harabar sawun, wurin ibadar wasu ne, kuma ga cunkoso. Ni na samu wani lungu ƙasa kaɗan da ƙololuwa, bayan wata rumfa, mai rumfar da kansa ya matsar mini da buhunansa ya ba ni kwali na shimfiɗa. Ki lura kuma da alƙibla: daga Sri Lanka arewa maso yamma take. Mu da bakinmu ya saba kiran alƙibla gabas, a can sai ki ga kin ba mafitar rana baya. Na sallame ke nan na juya, sai na ga gefen sama ya fara ja.

A Janairu da Fabrairu rana tana fitowa wajen 6 da kwata zuwa 6 da rabi. Kowa gabas yake kallo, ganguna suna tashi. Ke dai da zarar ta fito ki zagaya ɓangaren yamma. A nan inuwar dutsen take faɗawa a kan hazo, mai kusurwa uku, daidai kamar an ja ta da ma'auni, tana tsaye a sarari kafin ta janye a hankali ta koma gindin dutsen. Ƙarƙashinta daji ne har iyakar gani, dajin da aka killace tun 1940, inda kogunan Kelani da Kalu da Walawe ke samo ruwansu. Babu abin da ya fito daga bakina sai tasbihi. Wata rana gajimare kan rufe komai, mutum ya sauko bai ga ko ɗaya ba, wannan ma ki sa shi a rai.

Shawarata ita ce, kafin tafiya ki ga likita ya duba gwiwar da zuciya. Idan ya yarda, ki yi wata biyu kina hawa da saukar bene kullum, kina ƙarawa. Ba a fafe gora ranar tafiya. Ki riƙe sanda, ki tashi tun ƙarfe 11 na dare don ki samu hutawa yadda kike so. Idan likita bai yarda ba, ko gwiwar ta ƙi a hanya, ki tsaya a farar ƙubbar nan. Ko daga Nallathanniya, idan dare ya yi, za ki ga fitilun sun jeru sun hau sama har ki kasa bambance na ƙarshe da taurari. Batun biza da katin rigakafin shawara kuma, ɗanki ya gama su tun kafin a sayi tikiti.

Tambaya daga wani ɗan'uwa a ɗariƙar Ƙadiriyya: An ce akwai kogon da Sidi Abdulƙadir Jilani ya yi halwa a wannan yanki. Ka je? Yaya wurin yake?

Amsa: Na je, ɗan'uwa. Musulmin ƙasar suna kiransa Daftar Jailani, a taswira kuma Kuragala ne, kusa da garin Balangoda, cikin gundumar ta Ratnapura. Wasu manyan duwatsu ne a bakin wani gangare mai zurfi. Idan ka tsaya a gefe, ƙasa ta yanke a gabanka, can ƙasa gonakin shinkafar Kaltota sun shimfiɗu kamar tabarma. Wuri ne da ko ba a gaya maka komai ba za ka gane dalilin da masu neman kaɗaici suka zaɓe shi.

Abin da mutanen wurin ke riƙe da shi shi ne Shehu ya zo ziyarar Dutsen Adamu, sannan ya zauna a nan shekara 12 yana halwa. Suna yin taron shekara a watan Rabi'us Sani, watan rasuwarsa, ana buɗe shi da ɗaga tuta, jama'a su zo daga ko'ina a tsibirin. Shehu ya rasu a Bagadaza a 1166, kuma littattafan tarihinsa da aka sani sun yi maganar shekarun da ya yi yana kaɗaita a jejin Iraƙi, ba su kawo tafiya Sarandib ba. Don haka ka riƙe labarin a matsayin abin da mutanen wurin suka gada. Wannan bai rage komai ba daga son da suke wa Shehu, wanda na gani da idona a fuskar wani dattijo da ya riƙe hannuna ya zagaya da ni, da Larabcinsa kaɗan da nawa kaɗan.

Dole in gaya maka ɗaya ɓangaren. A jikin duwatsun akwai tsofaffin rubuce-rubuce na tun kafin haihuwar Annabi Isa, mabiya Buda suna kafa hujja da su cewa wurin mazaunin sufayensu ne tun asali. Masu haƙar tarihi kuma sun tono alamun mutanen da suka rayu a nan dubban shekaru kafin addinan biyu. Jayayya ta yi zafi, a 2013 aka rushe wasu gine-ginen Musulmi da ke wurin, daga baya aka gina babbar ƙubba ta mabiya Buda a kan tudun. Musulmi kusan kashi 10 cikin 100 ne a ƙasar, kuma abin yana yi musu ciwo, ni ma ya yi mini. Idan Allah ya kai ka, ka fara sauka a masallacin Balangoda ka tambayi halin da ake ciki, ka tafi tare da ɗan gari. Kada ka ɗaga murya a kan rigimar, kada ka ɗauki hoton da zai zama abin magana. Kai za ka hau jirgi ka dawo gida, su ne za su kwana da abin da bakinka ya jawo.

Tambaya daga wani ɗan kasuwa: Na ji sunan garin ma yana nufin birnin duwatsu masu daraja. In na je yawon buɗe ido zan iya sayo yakutu da araha in sayar?

Amsa: Alhaji, ma'anar sunan haka take, kuma arzikin gaskiya ne. A tsakiyar gonakin shinkafa za ka ga 'yan rumfunan ganye, ƙarƙashin kowace akwai rami da aka tokare da itace, injin yana zuƙe ruwa, mutane suna fito da tsakuwa mai laka wadda suke kira illam. Sai a zuba a kwando a shiga ruwa ana juyawa, har mai nauyin ta kwanta a ƙasa. Na yi awa biyu ina kallon wasu mutum shida, abin da suka samu a ranar bai cika tafin jariri ba. A wannan yanki ne kuma a 2021 aka ba da labarin dunƙulen shuɗin yakutu mai nauyin kilo 510, wanda masu haƙar rijiya suka ci karo da shi a bayan wani gida.

Amma araha ba ta ado. Da safe dillalai kan cika wasu titunan garin, kowa da 'yar farar takarda a naɗe a aljihu. Baƙo ba ya minti biyar ba a buɗe masa ɗaya ba. A ciki akwai na gaske, akwai gilashi, akwai na haɗin masana'anta, akwai kuma farin dutsen da ake gasawa a wuta ya koma shuɗi, wanda halal ne a sayar amma farashinsa daban. Idonka ba zai raba su ba. In za ka saya, ka sayi ƙarami na tsaraba a shagon da ke da lasisi, ka kai a gwada, ka karɓi takardar shaida. Ƙasar tana da hukuma ta musamman mai kula da duwatsu masu daraja, kuma fitar da su don kasuwanci ta hannunta yake bi. Jarinka kuwa ka bar shi a sana'ar da ka sani.

Tambaya daga wata uwa: Mu da maigida da yara uku, babban shekararsa 12, ƙaramar 5. Hawan dutse ba namu ba ne. Me yara za su gani? Kuma an tsorata ni da matsattsaku.

Amsa: 'Yar'uwa, ba a yi miki ƙarya ba. Matsattsakun can na tudu ne, sirara kamar tsinken ashana, suna tsaye a kan ganye suna jiran mai wucewa. Ibnu Baɗuɗa ma ya ba da labarinsu, ya ce mutanen lokacin lemun tsami suke riƙewa su matsa musu su faɗi. Cizon ba zafi, sai dai ki ga jini a safa, kuma yakan ɗan jima bai tsaya ba. A ƙofar daji ana samun wata doguwar safa ta yadi mai kauri da ake ɗaurewa a gwiwa a kan wando. Ku sa wa kowa, ku riƙe gishiri ko sabulu, kuma ki gaya wa yaran tun a gida don kada su firgita.

Dajin da nake so babban ya gani shi ne Sinharaja, a kudancin gundumar. Ba shi da faɗi, kimanin kilomita 21 ne a tsawo, 7 a faɗi, amma shi ne babban abin da ya rage na asalin dajin ruwan sama na ƙasar. A shekarun 1970 an shiga da injuna ana sare shi don katako, mutane suka yi ta kuka har aka dakatar a 1977, sannan UNESCO ta sa shi cikin wuraren gadon duniya a 1988. Fiye da rabin irin itatuwansa babu su a ko'ina a duniya sai Sri Lanka. Daga Ratnapura ana shiga ta ƙofar Kudawa, kuma dole sai da ɗan jagora. Ku ba shi haƙƙinsa da kyau, yawancinsu 'ya'yan ƙauyukan gefen dajin ne. Namu ya tsayar da mu a wani wuri ya ɗora yatsa a baki. Daji shiru, sai ɗigar ruwa daga ganye. Can sai hayaniya ta taso, tsuntsaye iri-iri suka ratso tare a ayari guda, wasu a sama, wasu a tsakiya, wasu a ƙasa suna tsintar ƙwarin da na sama suka kakkaɓo. Minti biyar suka wuce, shiru ya dawo. A ranar kuma muka ga shuɗin tsuntsun nan mai jan baki da dogon bindi wanda ake zuwa nema daga ƙasashe masu nisa. Ledar biskit da robar ruwa, don Allah, a mayar da su jaka. A hanyar Dutsen Adamu na ga abin da shara ke yi wa daji, raina ya ɓaci.

Ƙaramar kuwa Sinharaja zai gajiyar da ita. Nata shi ne gandun Udawalawe, a gefen gabashin gundumar inda ƙasa ta fi bushewa, wanda aka kafa a 1972. A mota ake zagayawa, kuma da wuya a fito ba a ga giwaye ba. Kusa da shi akwai gidan renon marayun 'ya'yan giwa da aka buɗe a 1995, inda ake shayar da su madara har su isa a mayar da su daji. Ana kallo daga wani dandamali, ba a taɓa su. Ku tambayi lokutan shayarwa ku isa da wuri.

A hanyar komawa Kolombo akwai Bopath Ella kusa da Kuruwita, ruwa ne mai zubowa daga tsayin mita 30, ya fito a tsuke ya buɗe a ƙasa kamar ganye. Ku kalla daga nesa, hannun ƙaramar a cikin naki. Duwatsun suna da santsi, kuma ruwan yakan ƙaru farat ɗaya idan an yi ruwa a saman tudu, ko da inda kuke rana ake yi. An sha rasa rayuka a wurin.

Sai lokacin tafiya. Damina mai ƙarfi tana sauka a wannan ɓangare daga Mayu. A Mayun 2003 da Mayun 2017 ambaliya da zaftarewar ƙasa sun yi mummunar ɓarna a Ratnapura, ta 2017 ta ci rayuka sama da 200 a faɗin ƙasar. Idan hutun yaran ya faɗo a Mayu ko Yuni, ki ce wa maigida a ɗaga tafiyar zuwa Janairu.